Hannun Maɗori da Takardar Hukuma

Tun da sassafe zauren maɗori a Kankiya yake cika: ɗan acaɓan da ya faɗi a titin Kano zuwa Katsina, manomin Kusada da ƙugu ya riƙe, yaron da ya yi targaɗe wajen ƙwallo. Maɗori ba ya gaggawa. Yakan shafa man shanu, ya bi jijiya da babban yatsa a hankali har ya kai inda mai ciwo zai zabura. A nan yake gane ko tausa kawai ake bukata, ko ƙashi ne ya goce, ko karaya ce. In karaya ce, mutum biyu su riƙe, shi ya ja, ya jera tsagaggen kara, ya naɗe da tsumma, ya yi tofi.

Ba takarda ce ta ba shi izinin wannan aiki ba, gado ne. A gaban mahaifinsa ya koya, yana miƙa kara tun yana yaro. Shaidarsa kuwa mutanen gari ne da ke tafiya da ƙafafun da ya ɗora. In aka sami saɓani, wajen mai unguwa ake fara zuwa, sannan dagaci, har gaban hakimi: Kankiyan Katsina a Kankiya, Bebejin Katsina a Kusada.

Gwamnati tana da nata tsarin. Dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa hukumar tarayya da ke yi wa masu gashin ƙashi na asibiti rajista, waɗanda suka yi karatun jami'a. Maɗori ba ya cikin wannan lissafi, alhali shi ne talaka ke fara nema, don yana kusa kuma yana karɓar abin da ya sawwaƙa.

Abin da ke damuna shi ne ɗaurin da ya yi tsanani. Jini ya tsaya, yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, a garzaya asibitin ƙashi na Dala a makare. Hakimi ya san kowane gidan ɗori amma bai san magudanar jini ba. Ma'aikatar lafiya a Katsina ta san wannan amma ba ta san zauren ba. Ga Makarantar Fasahar Lafiya nan a cikin Kankiya. Da hakimai za su tattara sunayen maɗora, jiha ta koya musu a makarantar duba yatsu bayan ɗauri da tura duk karayar da ta fasa fata asibiti nan take, da an tsira da hannaye masu yawa.