Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Daura: Mu Fara Daga Gida

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar gida na ɗan lokaci domin ya ga wurare, ya san tarihinsu, ya motsa jiki, ya kuma huta. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wannan aikin Turawa ne da masu kuɗi. Shi ya sa za ka sami ɗalibin da ya haddace kogunan Turai domin jarrabawa, amma bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba, alhali ga ta nan a Daura. Wannan bayani zai nuna abin da za mu iya gani da abin da za mu iya yi daga nan Baure, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Yadda mutanen Norwe suke yi

Bari mu ɗan dubi wata ƙasa da ta yi suna a wannan fanni. Norwe tana can arewacin Turai, a bakin teku. A zamanin da, ƙanƙara mai nauyi ta yi ta gangarowa daga duwatsu tana sassaƙe ƙasa, har ta bar kwaruruka masu zurfi. Da ƙanƙarar ta narke sai ruwan teku ya shigo ya cika waɗansunsu. Mafi tsawo a ƙasar, wato Sognefjord, ya wuce kilomita 200, zurfinsa kuma ya kai mita 1,300. A shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sa biyu daga cikin irin waɗannan wurare cikin jerin kayan gadon duniya.

Baƙi suna zuwa daga ko'ina su shiga jirgin ruwa, su hau duwatsu, su kama kifi. Amma masu ƙasar su ma sun daɗe suna wannan yawon. Tun a 1868 suka kafa ƙungiyar masu tafiya a ƙasa, wadda take da ɗakunan kwana fiye da 500 a cikin duwatsu, take kuma yi wa hanyoyi alama da jan fenti don kada a ɓata. Wata doka ta 1957 ta ba kowa izinin ratsa dajin da ba a noma ba, ko da na wani ne, muddin bai yi ɓarna ba, kuma bai kafa tanti kusa da gidan mutane ba. Darasin a nan shi ne, sai mai gida ya daraja kayansa sannan baƙo yake sha'awarsa.

Mu ba mu da teku ko ƙanƙara. Abin da muke da shi ga shi nan.

Birnin Daura

Wuri na farko shi ne rijiyar Kusugu. Bisa labarin da aka gada, wata macijiya ce a cikinta wadda take hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wani baƙo mai suna Bayajidda ya sauka a gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, sai ya tafi rijiyar da dare ya kashe macijiyar. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida su ne aka ce sun mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Idan aka haɗa da Biram, sun zama Hausa Bakwai ke nan. Masana tarihi suna ta muhawara a kan ma'anar wannan labari, amma rijiyar tana nan, an gina ɗaki an kewaye ta, har yanzu kuma ana ɗiban ruwanta.

Daga nan sai fadar Sarkin Daura. Wanda ya je ya lura da yadda magina na da suke ɗaure baka su rufe soro da azara. Lokacin Sallah akwai Hawan Magajiya, a watan Mauludi kuma akwai Sallar Gani, inda hakimai suke zuwa da dawakai da makaɗa. A Daura ne kuma aka haifi tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a 1942, a can aka binne shi a watan Yulin 2025.

Baure ma tana da tarihi

Kada ɗan Baure ya ɗauka garinsu ƙauye ne kawai a bakin iyaka. Wajen shekarar 1805, lokacin jihadi, Malam Ishaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Daga baya 'yan gidan sarautar suka kafa mulki a Zango da kuma nan Baure. Ta haka aka yi shekaru da dama akwai Daura uku: ta Fulani a cikin birni, ta Zango, da ta Baure, waɗannan biyu kuma sun zauna a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Da Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasa, sai Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sannan Sarki Muhammadu Bashar har zuwa 2007. Wani masani, M. G. Smith, ya wallafa babban littafi a kan wannan sarauta a 1978.

Saboda haka mai tafiya Daura daga Baure ta hanyar Zango yana ratsa dukan Daura ukun a yini guda. Wanda ya ƙara gaba ta wajen Mani zai iske Durɓi Takusheyi, inda aka tona kaburburan tsofaffin sarakuna a 1907 da 1992, aka sami kayan zinariya, da warwaron hauren giwa, da kwanon ƙarfe da ya fito daga Gabas ta Tsakiya. Wannan ya nuna kakanninmu suna ciniki da ƙasashe masu nisa tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Abin da za a yi a fili

Yawon buɗe ido bai tsaya ga gine-gine ba. Ajin da ya fita bayan gari da littafin rubutu zai iya ƙirga itatuwa: kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya, aduwa, kurna, goruba da gawo. A lura da gawo musamman. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Maƙwabtanmu na jihohin Maradi da Damagaram sun gane amfanin barin itatuwa a gona. Daga 1983, wani ma'aikacin mishan a Maradi, Tony Rinaudo, ya yi ta ƙarfafa manoma su riƙa gyara tohon da yake fitowa daga kututture maimakon su sare shi. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kadada kusan miliyan 5 a Nijar.

Akwai kuma kallon tsuntsaye. Shamuwa takan yi rani a kudanci da gabashin Afirka, ta dawo nan ta yi sheƙa gab da faɗuwar damina, shi ya sa manoma suke murna da ganinta. Da hunturu kuma waɗansu tsuntsaye suna ƙetare hamada daga Turai, har da ƙasashen arewa irin su Norwe, su sauka a tafkuna da fadamun ƙasarmu. Madatsun ruwa na Sabke da Daberam wurare ne masu kyau na ganinsu, tare da masunta da masu noman rani. Bayan girbi kuwa ga kokawa da dambe da langa, ga kasuwar Mai'aduwa da take tara fatake da dabbobi daga Nijeriya da Nijar.

Shiri kafin a fita

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da bazara zafi yakan wuce digiri 40. A nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, a kuma tambayi hukuma halin da hanya take ciki. Idan an isa gari, a fara gaida dagaci ko mai unguwa, shi zai haɗa ku da dattijon da ya san wurin. A riƙe ruwan sha da hula da takalmi mai rufi. Kada a yi wanka a tafki ko madatsa, saboda nutsewa da kuma cutar tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ƙananan dodon koɗi suke zaune. Kada a ƙetare iyaka ba tare da takarda ba. Kada a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa, a kuma mutunta wuraren ibada da maƙabarta na kowa. A kwashe leda da duk sharar da aka yi.

Kammalawa

Abin da ya sa maganar take da gaggawa shi ne, dattawan da suka ji labarin Daura uku daga bakin kakanninsu suna ta ƙarewa, tsofaffin gine-ginen ƙasa suna zaizayewa kowace damina, manyan itatuwa kuma suna tafiya a murhu. Abin da ba a gani aka rubuta ba, ɓacewa yake yi. Shawararmu ita ce kowane aji ya fita sau ɗaya a zangon karatu, ya rubuta sunan wurin, da sunayen itatuwa da tsuntsayen da ya gani, da abin da dattawa suka faɗa, a ajiye a ɗakin karatu na makaranta. Iyaye da malamai, a taimaka da kuɗin mota da rakiya. Ɗalibai kuma, idan aka tafi hutu, kowa ya tambayi kakansa yadda aka kafa garinsu, ya zo mana da amsar a rubuce.