Nishaɗi

Nishaɗi yanayi ne na jin daɗi da sakin jiki da mutum kan shiga yayin da yake yin wani abu don son ransa, ba don tilas ko neman lada ba. Ana samunsa a wasa, hira, kiɗa, kallo, karatu ko motsa jiki. Hausa tana da kalmomi da dama masu kusanci da shi: raha ita ce nishaɗin da ake yi da baki cikin jama'a, annashuwa ita ce alamarsa da ke bayyana a fuska, shaƙatawa kuwa hutu ne da ake ɗauka bayan aiki. Nishaɗi ya bambanta da farin ciki, domin farin ciki yakan biyo bayan wani alheri da ya samu mutum, kamar haihuwa ko cin jarrabawa, shi kuwa nishaɗi a cikin aikin kansa yake, yana kuma ƙarewa idan aikin ya ƙare.

Siffofinsa

Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya wallafa littafinsa Homo Ludens a shekarar 1938, inda ya bayyana cewa wasa ya girmi al'ada, tunda dabbobi ma suna yinsa. A cewarsa wasa abu ne da ake shiga da ganin dama, yana da lokacinsa da filinsa, yana kuma da dokokin da 'yan wasa suka amince da su. Wannan ne ya sa abu guda kan zama nishaɗi ga wani, ya zama wahala ga wani. Yaron da ke tsere da abokansa da yaron da aka aika da gaggawa duk gudu suke yi, amma ɗaya ne kawai ke wasa.

A shekarar 1958 Bafaranshe Roger Caillois ya kasa wasanni gida huɗu, kuma kowane gida yana da misali a ƙasar Hausa. Na farko gasa, kamar dambe, kokawa, langa da dara. Na biyu sa'a, kamar karta da ludo. Na uku kwaikwayo, kamar tashe da wasan 'yar tsana. Na huɗu shi ne neman juwa, wato daɗin da yara ke ji a kan lilo ko idan suna juyi har jiri ya ɗebe su.

Abin da ke faruwa a jiki

Ƙwaƙwalwa tana da sassan da ke aiki idan mutum ya samu abin da yake so. Binciken Kent Berridge na Jami'ar Michigan a Amurka ya nuna cewa kwaɗayin abu daban, jin daɗinsa daban. Sinadarin dofamin ya fi alaƙa da kwaɗayi da ɗoki, shi ya sa mutum kan iya ci gaba da bin abin da ya daina yi masa daɗi. Robin Dunbar na Jami'ar Oxford a Ingila da abokan aikinsa sun gano cewa mutanen da suka yi dariya tare sun fi jure zafi bayan haka, suka danganta hakan da sinadarin endofin da jiki ke saki. Jaak Panksepp kuwa ya nuna cewa ɓeraye kan fitar da wani siririn sauti idan suna wasa ko an yi musu cakulkuli.

Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya yi bayanin wani yanayi da mutum ke nutsewa cikin abin da yake yi har ya manta da lokaci. Hakan yakan faru ne idan wuyar aikin ta yi daidai da gwanintar mai yinsa. Idan gwanin dara ya zauna da ɗan koyo, gwanin zai gundura, ɗan koyon kuma zai karaya. Wasan yakan yi armashi ne idan ƙarfi ya zo ɗaya.

Nishaɗi a al'adar Hausawa

Mafi yawan nishaɗin gargajiya na taro ne, kuma yana bin lokaci. Da dare yara kan kewaye tsofaffi don tatsuniya da kacici-kacici, 'yan mata kuma su fita dandali su yi gaɗa. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, ake dambe da kokawa da kalankuwa. Tashe yakan fara ne bayan goma ga watan azumi, inda yara ke bi gida-gida suna kwaikwayon halayen manya, suna ba da dariya tare da yin hannunka-mai-sanda. Akwai kuma masu sana'ar ban dariya kamar 'yan kama da 'yan gambara.

Wasan barkwanci wani ginshiƙi ne. Yana tsakanin jika da kaka, da taubasai, da kuma al'ummomi, kamar Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa. Maganar da za ta jawo faɗa tsakanin baƙi, tsakanin abokan wasa dariya take jawowa, domin kowa ya san dokar.

Kongo da kewayenta

Unguwar Kongo da ke Tudun Wadan Zariya misali ce ta inda tsohon salon nishaɗi da sabo suka haɗu. Tudun Wada ta bunƙasa ne a zamanin mulkin mallaka, a wajen ganuwar birnin Zazzau, ta zama mazaunin baƙi daga sassan Arewa. A Kongo ne harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta biyu take, jami'ar da aka buɗe a 1962, kuma nan ne ake koyar da shari'a da harkokin mulki. Saboda haka unguwar tana tara ɗalibai daga ko'ina cikin Najeriya, tare da ma'aikata da 'yan kasuwa.

Da yamma ana taruwa a teburin mai shayi da wurin mai tsire da majalisun bakin titi, ana muhawara kan siyasa da ƙwallo. Gidajen kallon ƙwallo kan cika a ƙarshen mako idan ƙungiyoyin Turai na wasa, kuma yawancin daɗin yana cikin zolayar da magoya baya ke yi wa juna, wadda ta yi kama da wasan taubasai. Da sallah jama'a kan nufi cikin birni don kallon hawan Sarkin Zazzau.

Zariya tana da tarihi a nishaɗin karatu ma. A nan Abubakar Imam ya yi aiki, marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ɗan wasan kwaikwayo Kasimu Yero, wanda ya yi suna a talabijin, shi ma ɗan Zariya ne.

Amfani da illa

Wasa yana koya wa yara bin doka, jiran layi, da haƙuri idan an ci su. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta amince cewa hutu da wasa haƙƙin yaro ne. Ga manya kuwa, nishaɗi yana rage gajiya, yana kuma ƙarfafa zumunci.

Illar tana zuwa ne idan kwaɗayin ya rage bayan daɗin ya gushe. Cacar ƙwallo ta waya da ta shaguna ta yaɗu a garuruwan da ɗalibai ke da yawa, kuma takan cinye kuɗin makaranta da na abinci. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa ke shansa don maye. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Alamun da likitoci ke dubawa sun haɗa da kasa dainawa, fifita abin a kan karatu ko aiki ko iyali, da ci gaba da yinsa duk da cutarwar da ta bayyana.

Malaman Musulunci da dama suna ganin raha da wasa halal ne muddin babu ƙarya, cin mutunci, caca ko shagala daga ibada. Sun yi saɓani a kan wasu nau'o'in kiɗa da waƙa, kuma ana ci gaba da wannan muhawara a ƙasar Hausa, musamman dangane da finafinan Kannywood da bidiyoyin TikTok.