Zaɓen bijimi: abin da idon dillali ba ya gani

A karar Kontagora ko kasuwar shanu ta Mariga, dillali kan zagaya sa, ya taɓa tozo, ya matsa gindin wutsiya, sannan ya yanka masa kuɗi. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ya wadatar idan gobe za a kai san mayanka, domin wuƙar mahauci za ta tabbatar ko ta ƙaryata. Matsalar tana ga bijimin da za a bari a garke. Ba za a yanka shi a duba namansa ba, alhali shi zai ba 'yan maruƙa da yawa rabin halittarsu. A da sai an jira 'ya'yansa sun girma an yanka su kafin a san ingancinsa, abin da kan ci shekara huɗu ko biyar.

Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita a asibiti, ita ta rage wannan jira. Ana aske gashin gadon baya tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13, a shafa man girki, a ɗora kan na'urar. Sautin da take aikawa, wanda kunne ba ya ji, yakan dawo daban daga fata, daban daga kitse, daban daga tsoka, sai hoton ya fito a allo. Daga nan ake auna faɗin tantaƙwashi, da kaurin kitsen da ya rufe shi, da kitsen da ya ratsa cikin tsokar. Waɗannan siffofi ana gadonsu daidai gwargwado, kuma ana iya auna su tun dabbar tana da shekara guda. Masu bincike a Amurka sun fara gwajin tun shekarun 1950, Birazil kuma tana amfani da shi ga shanun Nelore, masu tozo kamar Bunaji da Bokolon da muke kiwo.

Za a ce kasuwarmu ba ta biyan kuɗin kitsen cikin tsoka. Haka ne, mai tsire da mai kilishi jan nama suke nema. Amma ai wannan hujja ce ta goyon baya: faɗin tantaƙwashi shi ke nuna yawan tsoka, kuma mai turka da ya zuba dusa da harawa wata uku yana son abincin ya zama nama, ba kitsen da za a yaye ba. Za a kuma ce na'urar ta fi ƙarfin makiyayi. Ba a ce kowace ruga ta saya ba. Ƙwararre ɗaya da na'ura ɗaya zai iya zagaya garkuna da dama.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na Bafulatanin da ke kiwo don nono da juriyar tafiya da cuta irin sammore. Yana da gaskiya, kuma duk wanda ya zaɓi bijimi da hoton baya kaɗai zai ɓata garke. Awon ƙari ne a kan abin da makiyayi ya sani. Kuma ba ya da amfani idan babu rubutu, domin faɗin tsoka ba ya nufin komai sai an san shekarun dabba da nauyinta da abin da ta ci, an kuma gwada ta da tsararrakinta. Ƙosasshen san turka zai doke na jeji a allo ko da irinsa bai kai ba.

Saboda haka wurin farawa shi ne inda shanu suke zaune, kamar makiyayar Bobi da ke ƙaramar hukumar Mariga, tare da masanan cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya. Muna kira ga gwamnatin jihar Neja da ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, wadda aka kafa a 2024, su fara da lambar kunne da littafin haihuwa kafin su sayo na'ura.