Shaho Ba Kaza Ba Ne: Ciwon Cikin da Ke Kashe Shi a Hannun Mai Kiwo

Labarin dukiyar da Larabawa ke zubawa a kan shaho ya daɗe da isowa Damagaram. Tun kafin gwamnatin Nijar ta keɓe dajin Termit da Tin Tumma a 2012, an sha ganin attajiransu da jerin gwanon motoci a can arewa maso gabas, suna sakin shahuna a kan tuje. Yanzu kuma waya ta kawo hotunan har cikin fadar samari. Saurayin da ke zaune a Kara-Kara, unguwar da Aïcha Macky ta nuna wa duniya halin rashin aikin samarinta a fim ɗin Zinder na 2021, in ya hangi sheƙar shaho a kan dutse ko a ƙololuwar itace, jari yake gani. Abin da wayar ba ta nuna masa shi ne abin da ke bayan wancan shahon na Balarabe: a Abu Dabi akwai asibiti sukutum na shahuna da aka buɗe tun 1999, da likitoci da ɗakin gwaji. Namu kuwa igiya ce a ƙafa da guntun nama daga teburin mahauci.

Mafi yawan ciwon cikin da ke kashe shaho a gida daga hannun mai ciyar da shi yake fitowa. Shaho ba ya tauna. Yana yagar nama ya haɗiye, naman ya fara tsayawa a wata 'yar jaka da ke gindin wuyansa, daga nan yake turawa ciki kaɗan-kaɗan. Za ka ga yana miƙa wuya yana murɗa shi, wannan turawar ce yake yi. Jakar ba ta narkar da komai, ajiya ce kawai, kuma tana da ɗumi da laima. Muddin nama ya daɗe a ciki bai wuce ba, ruɓewa zai fara, gubarsa ta shiga jini, tsuntsun da ka bari da rai da magariba ka iske shi sanƙame da asuba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40, abin ya fi sauri, don naman da aka sayo da hantsi a Kasuwar Dole ya riga ya fara juyawa kafin la'asar.

Wanda ya fi shiga wannan haɗari shi ne shahon da ya rame ko ya galabaita, aka ji tausayinsa aka cika masa wuya lokaci guda. Jikinsa ba shi da ƙarfin tura abincin. Irin wannan, ɗan ƙaramin yanka mai laushi da aka tsoma a ruwa ake ba shi, a jira jakar ta sauka, sannan a ƙara.

Saboda haka kowace safiya ka sa yatsa ka taɓa gindin wuyan. Abin da ya ci jiya da yamma ya kamata a ce ya wuce. In ka ji har yanzu a kumbure take, ka shinshina bakinsa ka ji ɗoyi, idonsa ya ƙanƙance, gashinsa ya tashi, to sa'o'i ake ƙirgawa. Kada ka ƙara masa ko loma ɗaya. Ka sa shi a inuwa mai iska, nesa da yara da karnuka, ka nufi ofishin kiwo wurin likitan dabbobi a ranar. Shi zai fitar da ruɓaɓɓen naman, ya wanke jakar, ya yi masa ƙarin ruwa, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta daidai nauyinsa. Wasu kan kifa tsuntsu kai ƙasa su matse wuyan. Ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, ruwan ɗoyin na faɗawa ciki ya sauka huhu, shi ke nan. Haka ma ɗura masa ruwa da cokali. In zai iya riƙe kansa, ɗigo kaɗan a gefen baki ya isa kafin a kai ga likita.

Akwai aman da ba ciwo ba ne, kuma mutane na ruɗewa da shi. Shaho mai lafiya yakan dunƙule gashi da ƙananan ƙasusuwan abin da ya ci, ya tofar da su a curi guda, yawanci washegari da safe. Curin lafiya a matse yake, ba ya wari. In ya fito da yauƙi, ko da guntayen naman da bai narke ba, akwai matsala. Kuma ba a ba shi sabon abinci sai curin jiya ya fito. Kashinsa ma abin dubawa ne: fari ne mai ruwa-ruwa da ɗan baƙi a tsakiya. Kore shar da ya ƙi sauyawa bayan ya ci, ko jini, ko kumfa, duk na likita ne.

Wannan curin ya kamata ya koya mana cewa tsoka zalla ba abincin shaho ba ce. A daji tsuntsu ko ɓera yake ci ɗungurungum, da ƙashi da hanta da gashi. Ɗan shahon da aka raina da jan nama kaɗai ba ya samun sinadarin gina ƙashi, ƙafafunsa su lanƙwashe, ya ƙare a gurgu. Tuwo da shinkafa da kilishi kuwa ko kusa, gishiri da yaji ba nasa ba ne.

To amma a nan ne masu tantabara za su saurara, don unguwanninmu ba su rasa akurkinta, kuma ita ce abincin da ya fi sauƙin samu. Tantabara da kurciya suna ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna tirikomonas a baki da maƙogwaro, sau da yawa ba tare da sun nuna alamar komai ba. Shaho na cin kan ko wuyan ya kwasa. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga yana yagar nama yana watsarwa, yana so ya ci ya kasa haɗiyewa. Buɗe bakinsa a hankali ka duba dasashi da ƙarƙashin harshe, za ka ga wasu ƙulle-ƙulle masu ruwan ɗorawa kamar ɓarɓashin cuku sun manne. Kada ka kankare, jini zai ɓalle. Maganinta sananne ne, metronidazol, wanda muka fi sani da Flagyl, sai dai ƙwayar da ke kanti an auna ta ne don babban mutum, shahon kuwa da wuya ya kai kilo ɗaya. Ban da haka, akwai tsutsar da ke kawo irin wannan ƙullin, kuma Flagyl ba ya taɓa ta. Madubin likita ne ke raba su. In dole sai tantabara, a yanka mai lafiya, a cire kai da wuya da kayan ciki a binne.

Abin da aka tsinta a mace haramiyar shaho ne. Ɓeran da ya ci shinkafar ɓera guba ce mai tafiya. Tsuntsun da aka harbo da bindiga yana iya ɗauke da ƙwayar harsashi ta dalma, ruwan cikin shaho kuwa yana da ƙarfin narkar da ita. Ƙwaya ɗaya tak na iya tsayar masa da hanji, kashinsa ya koma kore, ƙafafu su shanye. Dalmar nan ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Mushen kaza ya fi duka muni, don bai tsaya kan tsuntsu ba. A watan Fabrairun 2006 a Magarya, nan cikin jihar Zinder, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, kuma cuta ce da ke kama mutum. Wanda ya fiɗe kazar da ta mutu da kanta don ya ciyar da shaho ya sa gidansa duka a ciki.

Magungunan da muka saba ɗura wa kaji, barkono da toka da kanwa da kafso mai ja da rawaya, ba su da wuri a nan. Na fi jin tsoron maganin ciwon jiki, musamman diklofenak da ake sayarwa a kan tebur. Shi ne ya kusa ƙarar da ungulun Indiya daga shekarun 1990, ta hanyar mushen shanun da aka yi wa allurarsa, yana lalata musu ƙoda, har sai da aka haramta ba dabbobi shi a can a 2006. Babu dalilin gwada shi a kan wani tsuntsu mai cin nama.

Sai maganar hukuma, wadda masu kamun ba sa son ji. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, ba ta bar kowa ya kama naman daji ya tsare yadda ya ga dama ba, fitar da shaho ƙasar waje kuma yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta 1973, sai da takardu. Wanda ya tsinci shaho da rauni, ko yaro ya kawo shi gida daga sheƙa, ya lulluɓe shi da tsumma don faratansa, ya sa shi a kwali mai huji-huji, kada ya ba shi abinci, ya kai wa ma'aikatan gandun daji. Ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ƙwaryar fura.