Katin taswirar tafki: abin da za ka duba kafin ka zuba kuɗinka

Duk wanda ya taɓa kallon gasar kamun kifi ta Amurka a YouTube ya ga yadda gaban jirgin ɗan gasa ke cike da alluna kamar shagon sayar da talabijin. Wani allon yana nuna abin da ke ƙarƙashin jirgin a daidai lokacin, wani kuma yana nuna taswirar tafkin duka, har da ramuka da tuddan da ruwa ya rufe. Wannan taswira tana zaune ne a cikin ɗan kati irin memorin da muke sa wa waya. Bambancin shi ne kuɗinsa yakan haura dala 100, kuma mutum zai iya sayensa ya sa a na'ura ta ƙi karanta shi sam.

Ita na'urar gano kifi, wato sona, aikinta aika sauti cikin ruwa da sauraron amsa-kuwwarsa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwa, saboda haka da ta ƙirga lokacin da ya ɗauka ya je ƙasa ya dawo, ta san zurfin wurin. Amma iya inda jirgin yake take gani. Katin shi ke gaya maka abin da ke gabanka tun ba ka isa ba, ta hanyar layukan zurfi. Kowane layi yana haɗa wuraren da zurfinsu ɗaya ne. Inda layukan suka matse da juna, ƙasa ta gangara da sauri, kuma a irin wannan gaɓa kifi ya fi taruwa. Inda suka yi nesa da juna, shimfiɗaɗɗen wuri ne.

Tambaya ta farko: wace na'ura ce a jirginka? Manyan kamfanonin uku ne, Garmin da Humminbird da Lowrance, kuma kowanne ya ja layinsa kamar yadda manhajar iPhone ba ta hawa kan Android. Katin LakeMaster na Humminbird ne kaɗai. C-MAP ɗan gida ne a wajen Lowrance. Navionics, kamfanin ƙasar Italiya da Garmin ya saye a 2017, shi ne ke shiga gidaje da yawa, sai dai a nan ne mutane ke faɗawa rami. Akwai katin Navionics+, wanda Lowrance da Humminbird ke karantawa, akwai kuma Garmin Navionics+, wanda aka yi wa na'urorin Garmin. Kalma ɗaya ce ta raba sunayen, amma wannan ba ya aiki a gurbin wancan. Wasu na'urorin ma, kamar Garmin Striker 4 da ake yawan saye saboda araha, ba su da ramin sa kati kwata-kwata.

Kada kuma ka ce za ka kwafi katin abokinka a kwamfuta. An kulle bayanan da jikin katin da suka zo a kai. Idan ka goge shi ko ka yi masa fomat, kuɗinka ka goge.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ita ce masu talla ba sa son tsayawa a kanta. Za ka ga an rubuta a kwali cewa katin yana ɗauke da dubban tafkuna. To, naka fa? Kuma da wane irin inganci? Wani tafkin jiragen kamfanin ne suka bi shi lungu-lungu da sona, sai ka samu layi a duk ƙafa ɗaya ta zurfi, wato kusan santimita 30. Wani kuwa daga tsohuwar taswirar gwamnati aka ɗauko shi, layukan jefi-jefi. Wani ma zanen bakin ruwa ne kawai aka shafa masa shuɗin launi. Dukansu ana ƙirga su a cikin dubban nan. Maganin wannan mai sauƙi ne: kamfanonin suna da jerin tafkuna ko taswirar gwaji a shafukansu. Ka buɗe a wayarka, ka nemo ruwan da kake shiga, ka zuƙo shi sosai. Abin da ka gani a nan shi za ka gani a jirgi.

Akwai kuma batun rajista. Katin Navionics+ yana zuwa da sabuntawa ta shekara ɗaya. Bayan ta ƙare taswirar ba ta mutuwa, sababbin gyare-gyare ne za su daina zuwa sai ka sake biya.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Waɗannan katuna an yi su ne domin kasuwar da ke saye, musamman Amurka da Kanada da Turai. Sarkawan da ke su a tafkin Kainji, ko masuntan Tiga, ko Hausawan da ke bakin tafkin Volta a Ghana, ba su ne kamfanonin ke tunani ba sa'ad da suke tura jiragen awo. Alhali ruwayenmu na buƙatar taswira sosai. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta shanye tsohon garin Busa da gonaki da dazuzzuka. Tafkin Volta ya yi suna da kututturan itatuwan da ke tsaye a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ke fasa jirage suna cin rayuka. Tafkin Chadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya sauya kama ta yadda tsohuwar taswira za ta iya nuna maka ruwa a inda ake noma.

Shi ya sa, a ganina, ga mai aiki a irin wannan ruwa, na'urar da ke zana taswirarta da kanta ta fi kowane kati daraja. Garmin na kiran abin Quickdraw Contours, Humminbird na kiransa AutoChart Live, Lowrance kuma Genesis Live. A matsayina na mai rubuta manhaja, sauƙin dabarar ne ya fi burge ni. A kowane lokaci na'urar na adana lambobi uku: biyu daga GPS masu nuna inda kake, ɗaya daga sona mai nuna zurfi. Sai ta cike giɓin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo da lissafi, layukan su riƙa bayyana a allo kana tafiya. Amma fa cike giɓi hasashe ne. Idan ka bar tazara mai faɗi tsakanin zuwa da dawowa, kututture na iya ɓuya a tsakiya taswira ta nuna maka wurin lafiya lau. Sai ka bi ruwan a hankali, layi kusa da layi, kamar mai huɗa a gona. Humminbird na ba ka awa 8 na adanawa a cikin na'urar, daga nan sai ka sayi katinsu na Zero Lines. Su Garmin masu ramin kati, memori na yau da kullum ya ishe su.

Wanda ba shi da kuɗin babbar na'ura ma yana da ƙofa. Kamfanin Deeper na ƙasar Lituweniya yana yin sona mai kama da ƙwallo da ake jefawa a ruwa, tana haɗuwa da waya ta Wi-Fi, kuma masu GPS daga cikinsu suna zana taswirar zurfi a manhajar wayar. Ba ta buƙatar data a kan ruwa. Abin da za ka tanada shi ne jakar da za ta kare wayar daga jiƙewa da kuma fawa-banki.

Ko ka sayi kati ko ka zana taka, ka tuna ruwan madatsa yana hawa yana sauka. Zurfin da aka auna bayan damina ba shi ne na watan Afrilu ba. Katunan LakeMaster suna da saitin gyaran matakin ruwa, Quickdraw ma yana da makamancinsa: ka gaya wa na'ura ruwa ya sauka da mita biyu, sai ta rage mita biyu daga kowane layi. Don haka ka zaɓi dutse ko ginshiƙi a bakin ruwa, ka ɗauki hotonsa a ranar da ka fara awo, duk ranar da za ka fita ka duba inda ruwa ya tsaya a jikinsa kafin ka kunna injin.