A Lipica kowane ingarma da sunan uwarsa

Taron masana harsuna ne ya kai ni ƙasar Sulobeniya. Da aka watse sai na ware yini biyu domin ganin yankin Kras da ke kan iyakar Italiya. Sunan ne ya ja ni, domin daga gare shi aka samo "karst", kalmar da masana ke kiran ƙasa mai dutsen farar ƙasa wadda ruwa ya rarake ta.

Na fara da kogon Postojna, wanda kogin Pivka ya haƙa, mai tsawon kimanin kilomita 24. Ƙaramin jirgin ƙasa ke shiga da baƙi, kuma tun 1872 aka shimfiɗa masa dogo. Sanyin ciki ya sa na yi da-na-sanin barin rigar sanyina a masauki.

Washegari na nufi Lipica, gidan kiwon dawaki da Yarima Karl na zuriyar Habsburg ya kafa a 1580. Duƙushinsu baƙi ko ja ake haifarsa, sai ya yi shekaru yana haske har ya zama fari tas. Amma ni, mai karatu, rubutun ƙofar barga na tsaya kallo. Kowane ingarma suna biyu gare shi: na farko na kakan da zuriyarsa ta tsiro daga gare shi, kamar Maestoso ko Siglavy, wanda dokin Larabawa ne, na biyu sunan goɗiyar da ta haife shi. Yaƙe-yaƙe sun sha tilasta a gudu da garken, tun zamanin Napoleon, amma har yau ana riƙe da lissafin asalin.

A nan jikina ya yi sanyi. Hukumar UNESCO ta sa wannan kiwo cikin al'adun gado na duniya a 2022, ta sa hawan sallar Kano a 2024. To, wane Shamaki ne ke da littafin asalin dawakin da ke hannunsa? Mu ma fa muna da wadatar kalmomi: akawal, kili, bidi, hurde, danda, gunya.

Da na dawo na rubuta su a allo, na nemi ɗalibaina su bambance min. Ɗaya kaɗai ya iya, shi ma ya ce a bakin kakansa ya ji, kuma tsohon ya rasu bara.