Mene ne yayin tufafin aiki?

Yayin tufafin aiki shi ne mayar da suturar masu aikin ƙarfi kayan kwalliya. Babban misalinsa wandon jins ne, wanda tela Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi wa rajista a Amurka a 1873, bayan Davis ya ƙarfafa bakin aljihunsa da ƙusoshin jan ƙarfe domin kada ya yage. 'Yar shara, wato riga marar hannu mai daɗin aikin gona, ta bi wannan hanya, domin yanzu ana ɗinka ta da shadda, har da aiki a wuya. Abin ya shafi telolin Dutsin-Ma da Kurfi kai tsaye, saboda jins na gwanjo da samari ke saye yana rage musu ciniki, alhali 'yar shara mai kyau sai an je wurinsu an yi awo.